SHARHI: Sabuwar manhajar jami'o'i ta sa ɗalibi a gaba, amma wa zai duba aikinsa?

A watan Disamba na 2022, ana tsaka da bikin cikar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, shekara 60 da kafuwa, aka ƙaddamar da sabuwar manhajar karatun digirin farko a Abuja. CCMAS ake ce mata a taƙaice. Ita ce ta gaji BMAS, wadda jami'o'in ƙasar nan suka yi aiki da ita tun 2007. Ta tattaro fannonin ilimi 17, aka kuma umarci kowace jami'a ta fara aiki da ita daga Satumba 2023. Ƙurar da ta tashi bayan ƙaddamarwar kusan duk a kan rabon iko ta tsaya. NUC ta rubuta kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa jami'o'i kashi 30 su cike da abin da ya dace da yankunansu. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a ƙarƙashin shugabanta na lokacin, Farfesa Emmanuel Osodeke, ta ce wannan shisshigi ne cikin hurumin majalisar dattawan kowace jami'a, wadda doka ta ɗora wa alhakin tsara karatu.

Gardamar tana da tushe, amma ta danne wata magana da ta fi shafar ɗalibin da ke zaune a aji. Duk wanda ya buɗe kundin CCMAS zai ga kowane kwas ya fara da jerin abubuwan da ake son ɗalibi ya iya yi da kansa idan an kammala, sannan batutuwan da malami zai koyar su biyo baya. Wannan jeri shi ne ginshiƙin abin da masana ilimi ke kira koyarwar da ta sa ɗalibi a gaba. A tsohon tsari, malami ya sauke nauyi da zarar ya gama faɗin abin da ke cikin manhaja. A sabon tsarin kuwa, sai an ga abin da ɗalibi ya iya kafin a ce an yi karatu. Ke nan Najeriya ta riga ta amince da wannan hanya a rubuce, kuma ɗaliban da aka ɗauka a zangon 2023/2024 suna cikinta tsundum. A gefe guda, hukumomi na ta kiran jami'o'i su rungumi koyarwa ta intanet, ana kuma yawan haɗa abubuwan biyu a jawabi ɗaya kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

A ganina nan ne haɗarin yake. Ana tallata tsarin sa ɗalibi a gaba da karatu ta intanet a matsayin hanyar rage wa gwamnati da malamai nauyi. Alhali duk inda tsarin ya yi aiki a duniya, ƙarin lokacin malami ya ci, da ƙarin mutanen da za su zauna su duba aikin ɗalibi.

Inda maganar ta samo asali

Ba jiya aka fara ta ba. Paulo Freire, masanin ilimi ɗan ƙasar Brazil, ya kwatanta koyarwar gargajiya da ajiyar banki tun ƙarshen shekarun 1960: malami na zuba bayani a kan ɗalibi kamar mai zuba kuɗi a asusu, ranar jarrabawa ya zo ya cire abinsa. A 1969 makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar McMaster da ke Kanada ta fara wani tsari da ya ba mutane mamaki. Maimakon a yi shekaru ana lakca kafin ɗalibi ya ji labarin majinyaci, sai a tara ɗalibai 'yan kaɗan, a ba su matsalar wani mara lafiya, su binciko abin da suke bukatar sani don warware ta, malami na zaune yana yi musu jagora. A nan gida, tsangayar koyon aikin likita ta Jami'ar Ilorin ta yi suna da shirinta na COBES, wanda ke tura ɗalibai su zauna a ƙauyuka su nazarci lafiyar jama'a da idonsu. A 1995 wasu Amurkawa biyu, Robert Barr da John Tagg, suka rubuta maƙalar da ta yaɗa ra'ayin a jami'o'in ƙasarsu, inda suka ce a daina auna jami'a da yawan darussan da ta bayar, a auna ta da abin da ɗalibai suka koya.

Hujja mafi ƙarfi ta fito a 2014. Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara nazarce-nazarce 225 da aka yi a azuzuwan kimiyya, lissafi da injiniyanci, suka wallafa sakamakon a mujallar PNAS. A azuzuwan da malami ke lakca zalla, kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ne ke faɗuwa. A waɗanda ake sa ɗalibai warware matsala da tattaunawa a cikin aji, adadin ya sauko zuwa kusan kashi 22. Ga mai ɗa ko ƙane da ya maimaita kwas ɗaya sau biyu, wannan tazara ba ƙarama ba ce.

Sai dai a lura da abin da duk waɗannan misalai suka haɗu a kai. Ko'ina akwai malami a kusa, yana sauraren amsar ɗalibi, yana nuna masa inda ya kauce tun kafin kuskuren ya zauna masa a ka. Ɗalibi ya yi, a duba, a gyara masa, ya sake yi. In aka zare dubawar da gyaran, abin da ya rage sunansa sakaci.

Abin takaici, wannan sakacin ne aka fi gani a azuzuwanmu da sunan sabon salo. Malami zai shigo a makon farko, ya raba aji rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni batu ɗaya daga manhaja, ya ce su shirya su gabatar. Rukunin mutum 25, biyu ne za su yi aikin, sauran su haɗa kuɗin buga takarda a rubuta sunayensu a bango. Ranar gabatarwa ɗalibi ya tsaya ya karanto abin da ya kwafo, 'yan aji na danna waya, malami ya ba kowa maki iri ɗaya. Zango ya ƙare ba wanda ya koyar da kwas ɗin. In an yi magana, a ce ai yanzu zamani ya canza, ɗalibi shi ke neman ilimi da kansa. Haka nan a ɓangaren intanet: a tura wa wakilin aji tarin takardu ta WhatsApp, ya watsa a zauren ajin, a ce an yi darasi. Tsohuwar takardar nan ce da wasu malamai ke bugawa su sayar, wadda hukumomin jami'o'i suka sha haramtawa, ta sauya riga ta dawo ta waya.

Lissafin da ba a son yi

Kafin a ɗora wa malamai laifin gaba ɗaya, ya kamata a yi musu adalci da alƙalami. A ƙa'idar NUC, malami ɗaya ɗalibai 30 ya kamata ya riƙe a fannonin fasaha da zamantakewa, 10 kacal a fannin likitanci. A 2012 kwamitin da gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa don gano bukatun jami'o'in gwamnati, ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu wanda a lokacin yake shugabantar TETFund, ya gano cewa a Jami'ar Abuja malami ɗaya na fuskantar ɗalibai 122, a Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, NOUN, kuwa 363. Rahoton ya kuma nuna cewa malaman da ke da digirin digirgir ba su kai rabi ba. An shafe fiye da shekara goma da wannan rahoto. A tsakani an buɗe sabbin jami'o'i da dama waɗanda suka ja malamai daga tsofaffin, wasu malaman sun tsallaka ƙetare, wasu sun yi ritaya ba a maye gurbinsu ba.

A ɗauki malamin da ke koyar da kwas na bai-ɗaya ga 'yan aji ɗaya su 600, abin da ba baƙo ba ne a manyan jami'o'in tarayya. In ya ba da jinga ɗaya, ya ware minti goma ga kowace takarda don ya karanta ya rubuta gyara, ya ci awa 100. Mako biyu da rabi ke nan na cikakken aiki, bai shiga wani aji ba, bai duba kundin 'yan ajin ƙarshe ba, bai je taron sashe ba. Jinga ɗaya fa. Tsarin sa ɗalibi a gaba kuwa yana son a yi irin wannan sau da yawa a zango guda. To, ta yaya? Shi ya sa ɗalibi kan gama shekara huɗu bai taɓa karɓar takardarsa da jan biro a jiki ba. Maki kawai yake gani a allo ko a shafin jami'a, bai san me ya yi daidai ba, bai san inda ya ɓata ba.

Matsalar ba ta yawan jami'o'i ba ce, domin sun haura 270. A watan Agusta na 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta dakatar da kafa sabbin manyan makarantun tarayya na tsawon shekara bakwai, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya kafa hujja da cewa wasu makarantun ma'aikatansu sun fi ɗalibansu yawa. Wato wani wuri aji ya cika har ana leƙe ta taga, wani wuri kujeru na jiran mai zama. Matakin ya yi daidai, sai dai bai ƙara malami ko ɗaya a ajin mutum 600 ba.

Intanet: abin da 2020 ta nuna

Nan ne masu tallar intanet ke shigowa. Sukan ce tunda malamai ba su isa ba, kujeru ba su isa ba, kusan mutum miliyan biyu na rubuta jarrabawar JAMB a shekara, dubban ɗaruruwa na rasa gurbi, sai a ɗora darasi a intanet kowa ya ɗauka a lokacin da ya ga dama. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Ma'aikacin da ba zai iya ajiye aiki ba, matar aure mai goyo, ɗan kasuwar da ke Kantin Kwari daga safe zuwa magariba, duk wannan ce ƙofar da ta rage musu.

Amma mun taɓa gwadawa. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Maris 2020, Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci shugabannin manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet. Wasu jami'o'i masu zaman kansu sun yi, har suka kammala zango. Yawancin jami'o'in gwamnati kuwa ba su motsa ba, domin ASUU ta shiga yajin aiki a wannan watan, ba ta janye ba sai ƙarshen Disamba. Ko da ba yajin aikin, da wuya umarnin ya yi tasiri, don ba a shirya malamai ba, ba a tanadi dandalin karatu ba, ba a kuma tambayi yadda ɗalibin da ya koma ƙauye zai samu sabis ba. A 2022 aka sake rufe jami'o'in daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata takwas cur, ba aji ba intanet.

Tun daga lokacin kuɗin shiga intanet sai ƙaruwa yake yi. A Janairu 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Darasin bidiyo kai-tsaye na awa ɗaya kan lashe rabin giga zuwa giga guda. Ɗalibin da ke da kwas takwas a zango, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, sai ya zaɓa tsakanin data da abincin dare. Ga wuta. Tun Afrilu 2024 da aka ninka kuɗin lantarki fiye da sau uku ga masu rukunin Band A, jami'o'i da dama suka koma rabon wuta da awa. A Oktoba na wannan shekarar, lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ya jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu na fiye da mako guda. Kafin nan, a Satumba 2021, an katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ɗalibin da karatunsa ya rataya a kan waya, a irin waɗannan ranaku ba shi da makaranta. Akwai ƙoƙarin da aka yi, kamar tashar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019, amma wannan don harabar jami'a aka gina ta, ba ɗakin ɗalibin da ke karatu daga Gumel ko Zuru ba.

A ƙaddara ma an magance wuta da data. Saura tambayar da ta fi wuya: mutum na iya karatu shi kaɗai a gaban allon waya har ya kai ƙarshe? Amurka ta gwada wannan da kuɗi masu yawa. Daga 2012 manyan jami'o'inta suka riƙa ɗora kwasa-kwasai kyauta a intanet, miliyoyin mutane suka yi rajista, aka yi ta cewa ƙarshen jami'ar bulo da siminti ya zo. A 2019 Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka bi diddigin kwasa-kwasan jami'o'in MIT da Harvard a dandalin edX, suka wallafa a mujallar Science cewa waɗanda ke kammalawa sun sauko zuwa kusan kashi 3 cikin 100, kuma mafi yawan masu cin moriyar daga ƙasashe masu arziki suke. Waɗannan fa darussa ne na fitattun malaman duniya, ga wuta ga intanet mai sauri.

Jami'ar karatu daga gida ta Ingila, wadda aka kafa a 1969 kuma ta zama abin koyi ga irinta a duniya, ba a kan bidiyo ta gina sunanta ba. Kowane ɗalibi tana haɗa shi da malami mai kula da rukuni na kimanin mutum 20, wanda ke karanta jingarsa, ya rubuta masa gyara dalla-dalla, ya neme shi in ya ji shi shiru. Wannan malamin biyansa ake yi.

Tamu NOUN ta sha gwagwarmaya. Gwamnatin Shehu Shagari ta kafa ta a 1983, gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da ita a 1984, sai a 2002 Cif Olusegun Obasanjo ya farfaɗo da ita, daga baya shi da kansa ya zama ɗalibinta har ya karɓi digirin digirgir a 2018. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Tana da cibiyoyin karatu sama da 100, har a gidajen gyaran hali, inda fursunoni ke karatu kyauta. Ba wata jami'a a ƙasar nan da ta buɗe ƙofa kamar ta, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai jingar da ɗalibanta ke yi, wadda sunanta na Turanci ke nuna cewa malami ne zai duba, yawanci tambayoyin zaɓi ne da kwamfuta ke ba maki. Da irin yawan ɗaliban da take ɗauke da su, da wuya a ga wata mafitar. Amma kwamfuta za ta gaya maka ka ci bakwai cikin goma ne kawai, ba za ta zauna ta fahimci dalilin da ya sa ka faɗi ukun ba. Yanzu da NUC ta ba jami'o'in karatu daga gida masu zaman kansu lasisi, irin su Miva a Abuja da Iconic a Sakkwato, ga kuma cibiyoyin karatu daga nesa na tsofaffin jami'o'i kamar ta Ahmadu Bello, tambayar da ya kamata uba ya yi kafin ya biya kuɗin rajista ita ce: mutum nawa malami ɗaya ke kula da su, kuma cikin kwana nawa ake dawo wa ɗalibi da aikinsa da gyara?

Jarrabawa ce ke jan akalar karatu

Ɗalibi ba wawa ba ne. Abin da za a tambaye shi ranar jarrabawa shi yake karantawa. A yawancin jami'o'inmu jarrabawar ƙarshen zango ke ɗauke da kashi 60 zuwa 70 na maki, kuma tambayoyin ba su cika wuce "kawo ma'anar kaza" da "lissafo abubuwa biyar" ba. Wasu malaman ma ba sa son a sauya musu kalma ɗaya daga abin da suka faɗa a aji. Muddin haka takardar tambaya take, duk abin da aka rubuta a kundin CCMAS game da tunani da warware matsala zai zauna a kundin, ɗalibi kuma ya ci gaba da hadda daren jarrabawa, ya juye da safe, ya manta kafin la'asar. Yawan ɗalibai ya sa jami'o'i da dama sun mayar da jarrabawar 'yan aji ɗaya da aji biyu ta kwamfuta, tambayoyin zaɓi zalla. An samu sauƙin fitar da sakamako, amma ɗalibi kan kai aji uku bai rubuta cikakken shafi ɗaya da wani ya karanta ba.

Wani abin da masu tsara manhajar ba su yi tanadinsa ba shi ne ƙirƙirarriyar basira. An saki ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba, 2022, kwanaki kaɗan kafin a ƙaddamar da CCMAS. Yau jingar da aka ba ɗalibi ya je gida ya rubuto ba ta nuna komai game da abin da ya sani, domin waya za ta rubuta masa cikin minti ɗaya da Turancin da ya fi na malaminsa tsafta. Hanyar da ta rage ta tabbatar da cewa aikin nasa ne ita ce a zaunar da shi ya kare shi da baki, ko ya yi a gaban malami. Nan ma lokacin malami ake bukata. Fasahar da aka ce za ta rage bukatar malamai sai ga shi ta ƙara ta.

Akwai kuma batun tsoro, wanda ba a cika sa shi cikin wannan lissafi ba. Ba yadda za a yi ɗalibi ya yi tambaya, balle ya ce bai yarda da bayanin malami ba, a ajin da ya san mutum ɗaya ke koyarwa, shi ke fitar da tambaya, shi ke ba da maki, kuma neman a sake duba takarda tamkar tsokanar tsuliyar dodo ne. Binciken da BBC ta fitar a Oktoba 2019 kan malaman da ke neman lalata da ɗalibai mata don maki ya nuna iyakar inda wannan iko kan kai in ba mai sa ido. Mafi yawan malamai ba haka suke ba. Amma tsarin da ya bar makomar ɗalibi a hannun mutum ɗaya shi ke koya wa ɗalibai yin shiru tun daga aji ɗaya.

Abin da ba ya bukatar wuta

Duk da haka, ba daidai ba ne a naɗe hannu a ce sai an gyara komai. Wani sashe na wannan tsari ba ya cin ko kwabo. Eric Mazur, malamin kimiyyar fiziks a Harvard, ya gano a farkon shekarun 1990 cewa ɗalibansa na iya warware lissafi mai wuya amma suna faɗuwa tambayoyi masu sauƙi da ke auna fahimta. Sai ya sauya salo. Ya yi bayani na 'yan mintuna, ya jefa tambaya ɗaya mai zaɓi, kowa ya yi tunani ya nuna amsarsa. In aji ya rabu, ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya gamsar da shi. Bayan minti biyu ko uku a sake amsawa, sannan malami ya warware. Dalilinsa shi ne, ɗalibin da ya fahimci abu yanzu-yanzu ya fi farfesa sanin inda ɗan'uwansa ya maƙale, domin shi farfesan ya manta wahalar tun da daɗewa. An tsara wannan salo ne don manyan azuzuwa, kuma ana iya yin sa da ɗaga yatsu ko 'yan katuna masu launi, ko da wuta ko babu.

Mu kuma abin ba baƙo ba ne gare mu kamar yadda ake zato. A makarantun zaure, kowane ɗalibi da littafinsa yake zuwa. Wannan na Ahalari, wancan na Iziyya, na gaba na Risala. In layi ya zo kansa ya karanta, malam ya fassara ya gyara masa, ba ya kuma wucewa gaba sai ya riƙe na baya. Manyan ɗalibai na biya wa ƙanana. Akwai abin da za a ce game da ƙarancin muhawara a wasu zaurukan, amma tafiya da saurin kowane ɗalibi da gyara nan take, waɗanda su ne ake nema a yau, suna nan. A jami'o'in ma, duk wanda ya zauna a Samaru ko tsohuwar harabar Bayero ya san inda ake fahimtar karatu da gaske: darussan bita da ɗalibai ke shirya wa junansu da yamma, a azuzuwan da ba kowa, a harabar masallaci ko ƙarƙashin bishiya, inda wani ɗan aji uku ke warware wa 'yan aji ɗaya lissafi, rabi da Turanci rabi da Hausa. Ƙungiyoyin ɗalibai sun daɗe suna wannan aiki kyauta, jami'a kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Da za a ɗauki wannan a tsara shi, ajin mutum 600 zai rabu gida 20 na mutum talatin-talatin. Ɗaliban digiri na biyu da na uku su biyar, kowanne ya riƙe rukuni huɗu, awa ɗaya a mako, ya karɓi jinga ya duba ƙarƙashin kulawar malamin kwas. Haka manyan jami'o'in Amurka ke tafiyar da azuzuwan farko, su kuma masu taimakon a rage musu kuɗin makaranta ko a ba su alawus. A nan ne intanet zai yi amfani na gaskiya: a naɗi bayanin malami a murya ko gajeren bidiyo mara nauyi, ɗalibi ya sauke sau ɗaya ya saurara ko ba sabis, lokacin haɗuwa kuma a kashe shi wajen tambaya da gyara.

Cikas ɗin shi ne ba asusun da aka ware wa irin wannan aiki. TETFund, wadda ke samun kuɗinta daga harajin kamfanoni, tana gina ɗakunan lakca, tana sayen kwamfutoci, tana tura malamai ƙaro karatu, ta kuma kashe kuɗi wajen samar wa makarantu dandalin karatu ta intanet. Biyan albashi ba ya cikin aikinta. Gini da na'ura suna da kwangila, suna da ranar yanke kyalle, ana ɗaukar su hoto. Awa ɗaya da wani ya yi yana duba rubutun ɗalibi ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ma malamin ya san ƙarin girmansa na rataye ne a kan yawan maƙalun da ya wallafa. Wanda ya kwana yana gyara takardun ɗalibai da wanda ya shekara goma yana karanto tsohon littafin lakcarsa, a gaban kwamitin ƙarin girma ba a cika bambanta su ba. Ba a kuma shardanta wa mai fara koyarwa a jami'a ya koyi yadda ake koyarwa, digirinsa a fanninsa ya wadatar.

NUC na da makami ɗaya a hannunta da ba ya bukatar sabuwar doka, wato ziyarar tantance kwasa-kwasai. Jami'o'i na tsoron wannan ziyara fiye da komai, domin kwas ɗin da ya faɗi ana hana shi ɗaukar sabbin ɗalibai. An daɗe ana zargin cewa wasu makarantun kan yi aron malamai da kayan aiki na 'yan kwanakin ziyarar, baƙi na tafiya a mayar wa masu su. Takardar jingar da aka duba aka mayar wa ɗalibi a mako na biyar na zango ba ta aruwa. Masu tantancewa na iya zaɓar ɗalibai goma da ka daga rajistar aji, su ce kowa ya kawo aikinsa da aka gyara masa a wannan zangon, su kuma ɗora takardun tambayoyin shekara uku kusa da abin da CCMAS ta ce ɗalibi zai iya, su ga ko sun yi kama. Rukunin farko na ɗaliban wannan manhaja masu karatun shekara huɗu za su fita ne a wajajen 2027, in yajin aiki bai sake gitta musu ba.